Jitar da Malam Gidiyon Ya Yi Ta Tayawa

Duk wanda ya san Malam Gidiyon ya san ba mutum ba ne mai buɗe baki ya nemi abu. Ko gishiri ne ya ƙare masa, gara ya sha miyarsa lami da ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci. Don haka ranar da 'yarsa Linda ta bugo daga Ingila ta ce, "Baba, ka kusa cika saba'in, me kake so in saya maka?" ita kanta ba ta zaci za ta ji wani abu ba ban da abin da ta saba ji, wato Allah ya yi albarka, ba ya bukatar komai.

Irin bugowar nan ce da take yi sau ɗaya a wata, wani lokacin ma watan ya wuce da ɗoriya. Gaisuwa ce tsayayya. Ina wuni, ya jiki, ya zafi, an ga saƙo? Lafiya lau, da sauƙi, an gani. Daga nan sai shiru, kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa, har ta ce za ta koma bakin aiki, don ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti can.

Ba faɗa suka yi ba. Linda 'yar fari ce, shi kuwa Malam mutumin Zariya ne, daga irin gidan da ake zuwa coci ranar Lahadi amma ba a yar da al'adar iyaye ba. A gidansu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya zaunar da shi hira. Ya riƙe wannan kunya da hannu biyu, yana cewa a ransa in ƙanne suka zo sai ya huce a kansu. Ƙannen ba su zo ba. Ita ce fari, ita ce auta. Uwarta Dina tun farko ta ce ita kam ba za ta iya wannan wahalar ba, 'ya ɗaya tal kuma a ce a yi mata kara? Da yarinyar ta tafi Turai, su biyun sai su kama waya su yi ta zuba, shi kuma yana gefe da jarida a hannu, ba ya juya shafi, yana kwashe labarin kaf. Da Dina ta rasu, labarin ya tafi da ita. Ya rage shi kaɗai a ɗaki da falo a saman wani tsohon bene a Sabon Gari, maƙwabtan da suka san shi da ƙuruciya duk sun koma garuruwansu ko sun riga shi.

A ranar dai, ya ji shirun nan ya fara shigowa, ya san abin da ke biye da shi. Idonsa ya faɗa kan tsohuwar jitarsa da ke rataye a bango, wuyanta ya lanƙwashe tun bara waccan, sai ya ji bakinsa ya ce, "Jita."

"Na'am, Baba?"

"Jita. Ta lantarki."

Ta yi wata 'yar dariya ta murna wadda ya daɗe bai ji ba. "Shi ke nan! Sabuwa dal zan saya maka, irin ta manyan makaɗa."

"A'a, a'a. Sabuwa ba ta da murya. Katakonta ɗanye ne, bai san hannu ba. Da tsohuwar zuma ake magani."

Wannan kam tsakaninsa da Allah ya faɗa, haka ya yi imani tun yana saurayi. Ta ce to akwai inda ake gwanjon irinsu a intanet, mai kaya ya sa hoto, masu so su yi ta tayi na kwanaki, wanda ya fi kowa ɗorawa kafin lokaci ya cika shi ke ɗauka. "Amma ni ban san kan jita ba, Baba. Sai dai in riƙa nuna maka kana dubawa."

Washegari da la'asar, ana kiran salla daga wajen Fagge, wayar ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne. Malam ya sa tabarau ya gyara wuyan riga kamar wanda sufeto zai shigo wa aji. Ta juya wayar ta haska masa allon kwamfutarta, ga wata jita mai launin zuma kwance a kan darduma. Ya ce ta matso da ita. Ya ce ta nuna masa bayan kai, nan ne suke tsagewa in an taɓa yar da su. Ya ce ta duba ƙarafan da ke jere a wuya, in sun cinye ƙwarai to sai an sake su, kuma babu mai yi da kyau a nan kusa. Ta tambaye shi me ya sa fentin ya goge a gefe ɗaya. Ya ce nan ne mai ita yake ɗora damtse, kuma daga yadda ya goge za ka san a tsaye yake kiɗa ba a zaune ba.

"Kai, Baba! Duk daga hoto?"

Daɗi ya ratsa shi har tafin ƙafa. Shekara da shekaru yana koyar da 'ya'yan mutane a firamare, tasa 'yar ba ta taɓa tambayarsa komai ba sai yau. Abin da ya ƙara sauƙaƙa lamarin kuma, ba juna suke kallo ba. Shi yana kallon jita, ita tana kallon jita, kunya ba ta ga ƙofar shiga ba.

Da safe ya tafi Kasuwar Sabon Gari wajen Nwabueze, mai sayar da lasifika da makirfo da kayan kiɗan coci. Nwabueze haifaffen Kano ne, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, kuma tare suka yi kiɗa a otal-otal na Sabon Gari kafin Malam ya yi aure ya koma kiɗan sujada. Shi kaɗai ya rage wanda Malam ke zama da shi.

"Ta hannu? A intanet?" Nwabueze ya tafa hannu. "Malam, tsufa ya fara taɓa ka. Wa ke sayen akuya a hoto? Wanda ya sa ta gwanjo ya san abin da ya gani. Wasu ma jabu ne, a buga musu lamba a bayan kai ka rantse ta gaske ce. Yarinya ta ce za ta saya maka sabuwa a kwali, da takardarta, in ta yi gardama a mayar. Kai kuma ka ce sai gwanjo, sai ka ce mai neman rigar sanyi."

"Kai ɗan kasuwa ne, ba makaɗi ba. Tun da can ma bugu kake yi, ba kiɗa ba."

Suka yi ta yi har aka kawo wa Nwabueze abinci.

Ranar da gwanjon mai launin zuma zai rufe, Linda ta nemi a ba ta hutun la'asar daidai lokacin. Tana gaba, sai wani ya ɗora. Ta ce, "Baba, in ƙara?"

"Kada ki ƙara. Ki yi shiru kamar kin haƙura. Ki nuna za ki tafi, shi zai neme ki."

"Baba, nan ba Kantin Kwari ba ne fa."

"Ciniki ciniki ne ko a ina. Mai kaya ba ya son ganin ƙeyar mai saye."

Ta bi maganar uba. Lokaci ya cika, allon ya canza launi, babu wanda ya kira kowa. Wani can da ba su san ko sunansa ba ya tafi da ita. Malam ya ji zafin abin sosai, don ya riga ya zaɓa mata ƙusa a bango. Yana shirin yin tsaki sai ya ji ta ce, "Yi haƙuri, Baba. Akwai wasu da yawa. Gobe zan kira mu duba wata."

Gobe. Ya ajiye wayar ya daɗe a zaune. Da sun ci, da yanzu maganar ta ƙare, sai dai a yi batun yadda za a aiko. Da suka faɗi kuwa, ga wani makon ya samu. Ba shi da wayon 'yan kasuwa, Nwabueze ma shaida ne, amma wannan lissafin bai gagare shi ba. Ya sauka ya sayo balangu, abin da rabonsa da yi tun Dina na da rai.

Daga nan jita ba ta ƙara yi wa Malam daidai ba. Wannan an sake mata maganaɗisun ɗaukar sauti, ba na asali ba ne. Waccan mai ita bai nuna bayanta ba, ruwa ba ya tsami banza. Wata tana da kyau amma ta yi nauyi, kafaɗar tsoho ba za ta ɗauka ba. In kuwa aka sami wadda ba ta da abin kushewa, sai ya bari a yi ta tayi har kwanakin su ƙare, a ƙarshe ya ce kada a wuce nan, bai kamata a yi asara ba. Zafi ya wuce, damina ta sauka, titunan Sabon Gari suka cika da ruwa, suna nan suna neman jita.

A cikin neman ya san ɗakinta. Ya san labulen shuɗi ne, ya san butar shayinta tana fito in ta tafasa, ya san bayanta na ciwo in ta yi dogon aiki. Ya san akwai wani tsoho a ɗakin marasa lafiya da ba ya cin abinci sai ita ta ba shi. Wata rana suna duba wata ja, ya ce irinta ya ara ya yi kiɗa a wani biki a Tudun Wada, tsirkiya ta tsinke ana tsakiyar rawa, wata yarinya a cikin ƙawayen amarya ta yi ta yi masa dariya har da riƙe ciki.

"Wace ce?"

"Duba min lambar da ke bayan kan nan."

"Baba, Mama ce?"

"Ita ce," ya ce, idonsa a kan jitar. Ranar har aka leƙo aka kira ta ba ta kashe ba.

Nwabueze ne ya fara ganewa. Malam yana ba shi labarin wadda ta kuɓuce a makon, yana yi yana murmushi, sai ya ajiye waya da filayar da ke hannunsa ya dube shi.

"Malam, ban taɓa ganin wanda ake kayarwa yana ƙiba ba sai kai. Jita kake nema ko kiran waya?"

Malam ya kau da kai yana kallon masu turin baro.

"Ka gaya mata mana. Ka ce ke, ki riƙa kirana, ina jin kaɗaici. Mu haka muke yi. Ni in ɗana Onyekachi ya yi kwana biyu bai kira ni ba, kiransa nake yi in zage shi tas, ya ba ni haƙuri, mu ci gaba."

"Uba ya roƙi 'yar fari hira? Da wane bakin?"

"Da wanda kake cin balangu."

Malam bai yi dariya ba. Ya sha gwadawa a zuci, har ya jera kalmomin. Da zarar fuskarta ta bayyana sai su narke, ya ji kansa yana tambayar ko an sa wata sabuwa a gwanjon.

Ana cikin haka aka sa wata baƙa. Matar wani makaɗi ce ke sayarwa bayan rasuwarsa, ta ɗauki hoton ko'ina, har cikin akwatin. Malam ya duba sama ya duba ƙasa, ya rasa abin cewa. Wannan ita ce jitar da ya yi shekara hamsin yana mafarki, kuma Linda ta gani a fuskarsa. Duk makon ba ta yi maganar wata ba. Ranar rufewa ta zauna da kayan aiki a jikinta, yatsa a kan madanni. Wani ya ɗora, ta ɗora. Ya sake, ta sake. Ya sake.

"Baba, zan iya. Wallahi zan iya. In ƙara?"

Zuciyarsa tana cewa ƙara. Ya dubi jitar, ya dubi ɗan gefen fuskarta da ke fitowa a allon, ya tuna watannin da wayar nan ke yini a kan tebur ba ta motsa ba.

"Bar shi. Ta yi tsada."

Da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba aka ɗauke ta. Linda ta juyo da wayar, karo na farko ta dube shi ido cikin ido, idanunta sun cika.

"Abu ɗaya ka taɓa nema a wurina tun da aka haife ni, Baba. Ɗaya. Na kasa."

Nan ne ya kamata ya yi magana, kowa ya sani, shi ma ya sani. Ya ce, "Ba komai. Ba rabonmu ba ce."

Washegari ba ta kira ba. Jibi ma haka. Sai gajeren saƙo, aiki ya yi yawa, Baba, zan kira. Ya riƙa sa tabarau da la'asar yana zama, ya ji kiran salla ya wuce, ya ji yaran makaranta sun wuce, ya cire tabarau. Ya ɗauka fushi ta yi, ko ta gano shi. Ya daina zuwa wajen Nwabueze don kada a tambaye shi. A coci yara sun riga sun maye gurbinsa da na'urarsu mai yin ganga da jita duk a haɗe, don haka ko can ba wanda ke jiransa. Mako ya bi mako har ruwa ya ɗauke. Ranar da ya cika saba'in ta kira daga cikin bas, muryarta a dishe, ta yi masa addu'a ta ce akwai saƙo yana hanya. Kaɗaicin wannan karon ya fi na da ciwo, don yanzu ya san abin da ya rasa.

Wata safiya baƙuwar lamba ta shigo. "Baba, ina kwana. Sunana Bintu, tare muke aiki da Linda. Na zo hutu gida, a Fagge muke. Akwai saƙonka, amma ya fi ƙarfin a ba ɗan aike."

Ya hau adaidaita sahu, suka sha cunkoso a Bata, ya sauka ya bi kwatance ta lungun teloli har ƙofar gidan. Aka shimfiɗa masa darduma a zaure, aka kawo ruwa da lemo, mahaifiyarta ta gaishe shi daga bayan ƙofa. Sai ga Bintu ta fito da dogon akwati baƙi, ta durƙusa ta ajiye a gabansa.

"A hannu na riƙo ta tun daga can, Linda ta ce in na bari aka jefa ta cikin kaya ba ni ba ita." Ta yi dariya. "Sabuwa ce fil, daga shagon masu yin ta. Ta ce ta gaji da gwanjo, kullum a kayar da ita a gaban babanta. Baba, ka haifi 'ya. Tun da damina ba ta huta Lahadi ɗaya ba. Duk wanda zai ba da aikinsa ita ke karɓa, a gama na safe ta zarce na yamma. Sau biyu bas yana wucewa da ita tana barci. Ƙafafunta suka kumbura har sai da ta sake takalmi. Na ce ke, jitar nan ta zinare ce? Ta ce ba ki san Baba ba, ba ya neman abu."

Bintu tana faɗa ne don ya ji daɗi. Malam ya riƙe kofin ruwan bai sha ba. Ya yi godiya, ya sa albarka, ya ce a gaida Hajiya. A cikin adaidaita ya ɗora akwatin a cinya, kansa ya leƙa waje, yana kare shi da hannu kada wani mai babur ya goga. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, haka ake cewa. Nasa ruwan kuwa 'yarsa ya doka.

Bai wuce gida ba, ya tsaya a kasuwa. Nwabueze ya buɗe akwatin ya yi salati irin na mutanen Kano, ya goge hannu a wando kafin ya taɓa. Ko'ina sheƙi, ko zanen yatsa babu, ƙamshin sabon fenti na tashi. Ya jona ta da amfilifaya mafi kyau a shagon ya miƙa wa Malam. Malam ya ja tsirkiya ɗaya, ya ja ta biyu, yatsun suka tuna hanya. Masu shagunan kusa suka rage sautin nasu. Wata mai tallan gyaɗa ta tsaya da tire a ka.

"To, mai tsohuwar zuma," in ji Nwabueze, "sabuwa ba ta da murya, ko?"

"Tana da ita," Malam ya ce. Ya neme ta da aibi ko guda, irin wanda za a yi mako ana magana a kai, bai samu ba.

Da la'asar wayar ta yi ƙara. Fuskarta ta cika allon, ta rame, ƙasan idanunta ya yi baƙi, amma tana murmushi har kunne. Ya ɗaga jitar ya nuna mata, ya ɗan kaɗa mata haka nan ba lantarki, sautin siriri. Ta tafa.

"Ta yi, Baba? Tsakani da Allah?"

"Ta yi. Ban taɓa riƙe irinta ba. Allah ya yi albarka."

"Amin. Yau zan yi barci." Ta yi hamma ta rufe baki da bayan hannu. "Af, na tuna. Ai sai da amfilifaya, ko? Na ga ana gwanjon tsofaffin nan da kake yabo, masu kwalba a ciki. In kana so sai mu fara dubawa. Gobe ma zan iya kira."

Ga shi nan an miƙo masa har hannu, ba tare da ya roƙa ba. Wata damina guda, ko fiye, don amfilifaya ta fi jita wuraren kushewa. Ya buɗe baki. Ya ga yadda ta jingina kai da bango tana jiran amsa, ido ɗaya ya fara rufewa. Yanzu ya san ta. In ya ce yana so, ba za ta tsaya ba sai ta kawo, ko da me za ta biya.

"A'a," ya ce. "Nwabueze ya ba ni wata. Komai ya cika. Je ki huta."

"Ka tabbata, Baba? Babu wani abin kuma?"

"Babu."

"To shi ke nan. Sai na kira."

Bai tambaye ta yaushe ba.